Hannun Marcos Rojo a wasan Najeriya da Ajantina na 2018: an zalunce mu ne ko doka aka bi?

Sarkin_Gidan_Kallo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na sake kallon wasan gasar cin kofin duniya da Najeriya ta yi da Ajantina ranar 26 ga Yuni, 2018, a birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha, kuma abin da ya tsaya mini a rai tun wancan lokaci ya dawo sabo. Ana kunnen doki 1-1, saura kamar minti goma a tashi, Ahmed Musa ya aiko da ƙwallo daga gefen hagu, Marcos Rojo, ɗan wasan bayan Ajantina, ya yi tsalle ya sa mata kai, sai ta sauka a hannunsa a cikin da'ira ta 18. Alƙalin wasa Cüneyt Çakır, ɗan ƙasar Turkiyya, ya je ya duba allon VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, da idonsa, ya dawo ya ce a ci gaba da wasa. A minti na 86 wannan Rojo ɗin dai shi ya zura mana ƙwallon da ta koro mu gida. Ni a ganina fenariti ce tsagwaronta aka hana mu, kuma da a ce ɗan wasan Najeriya ne ƙwallo ta taɓa hannunsa haka, da babu wanda zai tsaya dogon nazari. Ina son masu ilimin dokokin wasa su fahimtar da ni in akwai abin da ban gani ba.

Malam_Usur: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina busa wasannin matasa, kuma duk da cewa na kwana da baƙin ciki a ranar kamar kowane ɗan Najeriya, dole in faɗi abin da doka ta tanada. A shekarar 2018 doka ta 12 ba ta ce duk ƙwallon da ta taɓa hannu laifi ba ce. Abin da ta haramta shi ne taɓa ƙwallo da hannu da gangan, sannan ta ba alƙali ma'aunai: shin hannu ne ya nufi ƙwallo ko ƙwallo ce ta nufi hannu, mene ne nisan da ke tsakanin ɗan wasa da inda ƙwallon ta taso, kuma ta fayyace cewa wurin da hannu yake ba shi kaɗai ne ke tabbatar da laifi ba. Rojo ya yi niyyar ya kore ƙwallon da ka, bai same ta daidai ba, ta zame daga kansa ta faɗa hannunsa cikin ƙiftawar ido. Tazarar da ke tsakanin kan mutum da hannunsa ba ta isa a ce ya shirya taɓawa ba. Da ni ne a filin, da abin da Çakır ya yi shi zan yi, ko da kuwa zan koma gida in kasa cin abinci.

Sarkin_Gidan_Kallo: Malam, na gode da wannan bayani, amma ina da tambaya. Kwana ɗaya kacal kafin wasanmu, a karawar Iran da Fotugal, Sardar Azmoun ya sa wa ƙwallo kai ta faɗa hannun Cédric Soares daga kusa ƙwarai, alƙalin wasa ɗan Paraguay ya duba VAR ya ba da fenariti, Iran ta farke aka tashi 1-1. Shin littafin dokar da aka karanta ranar Litinin daban yake da wanda aka karanta ranar Talata?

Malam_Usur: Littafi ɗaya ne, masu karatun ne suka bambanta. Ni a wurina hukuncin da aka yi wa Cédric shi ne kuskuren, kuma kuskuren jiya ba ya zama hujjar a maimaita shi yau. Akwai ma bambanci guda: ƙwallon Cédric daga kan abokin hamayya ta zo, ta Rojo kuwa daga kansa ta zo.

Hajiyar_Tamaula: Malam Usur, wannan bambancin da ka kawo ni yana ƙara mini ƙarfin gwiwa ne a kan cewa an cuce mu. Cédric bai san inda Azmoun zai karkata ƙwallo ba, saboda haka yana da uzuri. Shi kuwa Rojo ya ga ƙwallon tana saukowa daga sama, ya sami lokacin auna ta, shi ya zaɓi yadda zai yi tsalle da yadda zai buɗe hannuwansa. Idan ɗan wasan baya ya gaza wajen sa kai, sannan hannunsa ya gyara masa kuskuren, don me za a ba shi ladan gazawarsa? A bayansa Odion Ighalo yake tsaye, kuma hannun ya sauya saurin ƙwallon da inda za ta faɗi. Ba na musun abin da doka ta rubuta, amma dokar da ke yafe wa wanda ya yi kuskure ta hukunta wanda aka mamaye, akwai gyara a cikinta.

Dan_Tsakiya_8: Ina goyon bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Kuma kada mu manta da abin da kyaftin John Mikel Obi ya faɗa wa manema labarai bayan an tashi, cewa alƙalin ya amsa masa ƙwallo ta taɓa hannu, amma da ya nemi dalilin hana fenariti bai sami gamsasshiyar amsa ba.

Lauyan_Kwallo: Game da maganar Mikel, ina ganin ya kamata mu yi adalci. Alƙali ya ce ƙwallo ta taɓa hannu ba daidai yake da ya ce an yi laifi ba, domin babu wanda ya taɓa musun cewa ta taɓa; ganganci ake tambaya. Sannan ɓangare ɗaya kawai muka ji, daga bakin mutumin da aka fitar da ƙasarsa mintuna kaɗan da suka wuce, a filin da magoya bayan Ajantina suka cika da ihu, mutane biyu suna magana da harshen da ba na ɗayansu ba. Ina girmama Mikel matuƙa, musamman da daga baya aka san cewa ya buga wasan nan ne bayan an sanar da shi an sace mahaifinsa, amma shaidarsa ba ta isa a yanke wa alƙali hukunci ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba game da aikin VAR. Ba a kawo na'urar don a sake busa wasa daga farko ba. Ƙa'idarta a 2018 ita ce ta shiga tsakani a abubuwa huɗu, wato ƙwallon da aka ci, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuskuren hukunta wani a madadin wani, kuma ba a sauya hukuncin fili sai an ga kuskure bayyananne wanda babu ja a kansa. Tunda Çakır bai busa ba da farko, abin da ya je nema a allo shi ne hujjar da za ta nuna masa ya yi kuskure ƙarara. Ga shi mu nan shekaru sun wuce muna ta jayayya, wanda hakan kaɗai ya nuna lamarin bai kai bayyananne ba.

Baban_Khalifa: Lauya, ka yi magana mai ma'ana, sai dai bari in tuna maka tarihin shi wannan alƙalin, domin shi ne ya sa na kasa haƙura. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2015 a Berlin, tsakanin Barcelona da Juventus, Çakır ne ya busa. Neymar ya sa wa ƙwallo kai, ta taɓa hannunsa, ta shiga raga, aka soke ta. Ka ga daga kansa zuwa hannunsa ke nan, kamar dai na Rojo, kuma babu mai cewa Neymar da gangan ya yi. To me ya sa a Berlin hannu ya zama laifi, a Saint Petersburg kuma ya zama tsautsayi? Ban tsaya nan ba. A 2013 shi ne ya ba Nani na Manchester United jan kati saboda ya ɗaga ƙafa sama ya sami Álvaro Arbeloa na Real Madrid, alhali idon Nani a kan ƙwallo yake. A wasanmu kuwa, gab da tafiya hutun rabin lokaci, Rojo ya ɗaga ƙafa har wajen kan Kelechi Iheanacho a cikin da'ira, ko usur bai taɓa ba. Ni wannan ma ta fi yi mini ciwo a kan ta hannun, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita.

Malam_Usur: Baban Khalifa, a kan ƙafar da aka ɗaga wa Iheanacho ba zan yi maka gardama sosai ba, domin a tsakiyar fili alƙalai da yawa za su busa. Abin da za a iya cewa a kare shi kawai shi ne Rojo ya taɓa ƙwallon. Amma batun Neymar daban ne. Tun kafin a rubuta shi a doka, alƙalai sun saba da cewa ba a barin ƙwallon da ta shiga raga daga hannun mai kai hari, ko da gangan ko ba da gangan ba. A 2019 hukumar IFAB mai tsara dokokin wasa ta rubuta hakan ƙarara, kuma a gyaran shekarar ne ta bayyana cewa idan ɗan wasa ya buga ƙwallo da kansa ko jikinsa sannan ta taɓa hannunsa, a mafi yawan lokuta ba laifi ba ne. Wato gyaran da ya biyo bayan gasar ya gaskata hukuncin Çakır a Berlin, ya kuma gaskata shi a Saint Petersburg.

Hajiyar_Tamaula: Ko kuma a ce sun rubuta dokar ne bayan aikin gama ya gama, don ta dace da abin da suka riga suka aikata.

Gola_Mai_Safar_Hannu: Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan, domin ni ban ɗora wa alƙali laifin fitarmu ba. Bayan ƙwallon ta taɓa hannun Rojo, a gaban Ighalo ta faɗi, shi da raga, ya buga ta waje. Mintuna kaɗan bayan haka ya sake samun wata damar, golan Ajantina Franco Armani ya tare. Ku duba kuma ƙwallon da aka ci mu a minti na 86: Gabriel Mercado ya ɗago ƙwallo daga dama ba tare da wani ya matsa masa ba, ɗan wasan baya ya taho tun daga gidansu ya tsaya a tsakiyar da'irarmu ya buga da ƙafar dama, wadda ba ita ce ƙafarsa ba. Canjaras kawai muke buƙata mu wuce, tunda mun ci Iceland 2-0 kuma Kuroshiya tana gamawa da su a ɗaya wasan. Koci Gernot Rohr yana da damar yin canji ya kashe lokaci ya toshe baya tun kafin a ci mu, amma ya jinkirta. Ƙungiyar da ta san kanta tana riƙe minti huɗu.

Dan_Tsakiya_8: Gola, a yi hattara da ɗora wa Ighalo komai. Irin wannan magana ce ta sa wasu marasa tunani suka riƙa yi masa barazana shi da iyalinsa bayan gasar, har ya yi tunanin barin tawagar. Shekara guda bayan haka shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, da ƙwallo 5. Ɗan wasa ya zubar da dama abu ne na wasa, amma alƙali ya tsaya gaban allo ya kalli abu sau da yawa sannan ya yanke, wannan zaɓi ne.

Gola_Mai_Safar_Hannu: Ban ce a zage shi ba, ɗan'uwa, kuma Allah ya kiyaye. Cewa na yi fitarmu tana da iyaye da yawa, mu kuma mun zaɓi wanda ba ɗan gida ba muka ɗora masa.

Alhaji_Tun_94: 'Ya'yana, ni na kalli duk karawa biyar da muka yi da Ajantina a gasar cin kofin duniya, 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, kuma duka biyar ɗin da tazarar ƙwallo ɗaya suka ci mu. A 2014 ma Rojo ɗin nan ne ya ci ta uku da gwiwa, bayan Messi ya ci biyu Ahmed Musa ya ci biyu. Saboda haka na san zafin da kuke ji. Amma ga mai cewa Turawa da 'yan Kudancin Amurka kullum ake fifitawa, ina so ya tuna abu biyu. A 1994 da muka haɗu da Italiya, an ba Gianfranco Zola jan kati a kan abin da ko katin gargaɗi da ƙyar ya cancanta, muna gaba da ci ɗaya kuma mun fi su yawan 'yan wasa, duk da haka Roberto Baggio ya farke a minti na 88 ya kuma ƙara a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe na Olympics na 1996 kuma, lokacin da Emmanuel Amunike ya ci ta uku muka doke Ajantina 3-2, 'yan Ajantina sun kewaye alƙali suna cewa satar gida ce, kuma har yau akwai masu cewa haka a can. Wanda ya busa wasan shi ne Pierluigi Collina, shi ne kuma shugaban kwamitin alƙalan FIFA a 2018. Da ƙiyayya ce tsakaninsa da mu, da tun a wancan lokaci ya nuna.

Kuma kada mu yi kamar ba a ba mu fenariti a wasan na 2018 ba. Wadda Victor Moses ya ci a minti na 51, Javier Mascherano ya riƙe Leon Balogun ne a bugun kusurwa, irin riƙon da ake yi a kowane wasa ba a busawa. Wannan Çakır ɗin da muke zargi shi ya ba mu ita.

Baban_Khalifa: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Sai dai wannan batu na ƙarshe shi ne ainihin abin da nake tsoro. Ina zargin cewa fenaritin farko ce ta cinye ta biyu. Alƙali ɗan Adam ne. Ya riga ya ba Najeriya ɗaya mai sauƙi, sai ga ta biyu a minti na tamanin da wani abu, wadda in ta shiga Messi ya tafi gida tun daga zagayen rukuni, ga Maradona a saman fili kyamara na kansa. Ba sai an kira shi a waya ko an ba shi ko sisi ba, nauyin wurin kaɗai ya isa ya sa mutum ya ga shakka a inda babu ita.

Lauyan_Kwallo: Wannan zato ne, Baban Khalifa, kuma ba a iya tabbatar da shi ko a ƙaryata shi, shi ya sa ba na son gina hukunci a kansa. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne rashin daidaito a gasar baki ɗaya, kuma a nan ina tare da Sarkin Gidan Kallo. An ba da fenariti 29 a Rasha, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. An hukunta Yussuf Poulsen na Denmark a wasansu da Ostireliya a kan ƙwallon da aka sa wa kai daga kusa ta sami hannunsa. A wasan ƙarshe an hukunta Ivan Perišić na Kuroshiya bayan dogon kallon allo, Griezmann ya ci, Faransa ta ɗauki kofi da 4-2. A gefe guda kuma Pepe na Fotugal ƙwallo ta taɓa hannunsa daga jikinsa a wasansu da Maroko, ba a busa ba. In ka jera su, za ka ga alƙalan suna da wani layi da suke bi: daga jikinka zuwa hannunka an yafe, daga abokin hamayya zuwa buɗaɗɗen hannunka an hukunta. Matsalar ita ce kalmar da ke rubuce a doka a lokacin ita ce ganganci, kuma babu ganganci a ko ɗaya daga cikinsu.

Yar_Arewa_Eagles: To ai Lauya ka kawo mu inda nake jira. Waɗanda aka yafe wa, Rojo da Pepe, duka a kan ƙasashen Afirka ne. Ka ƙara da Senegal, wadda aka ba fenariti a kan Sadio Mané a wasansu da Kolombiya sannan VAR ta janye, daga ƙarshe aka fitar da su saboda sun fi Japan yawan katin gargaɗi. Ƙasashe biyar muka tura, Masar da Maroko da Najeriya da Senegal da Tunisiya, babu wadda ta tsallake rukuni, abin da rabon a gani tun 1982. Idan na tuna yadda Blaise Matuidi na Faransa ya taka ɗan wasanmu Ogenyi Onazi a 2014 har aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka ba shi katin gargaɗi kawai, sai in ga abin ya yi yawa a kira shi dacewa.

Malam_Usur: 'Yar'uwa, na Matuidi jan kati ne, ban taɓa shakka ba. Amma na Mané ki sake kallo a hankali: Davinson Sánchez ya taɓa ƙwallon da dunduniya kafin ya taɓa mutum, kuma wannan yana cikin wuraren da VAR ta yi aikinta daidai. Idan muka haɗa hukuncin da ke daidai da wanda ke kuskure muka zuba a kwando ɗaya don duk sun taɓa mu, ranar da aka zalunce mu da gaske babu mai sauraronmu.

Sarkin_Gidan_Kallo: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Malam Usur ya sa na yarda cewa alƙalin yana da madogara a doka, wanda da ban yarda ba. Amma har yanzu ban ga wanda ya amsa tambayar Hajiya ba, cewa don me kuskuren ɗan wasan baya zai zama kariyarsa. Kuma ina nan a kan bakana cewa da ɗan wasan bayanmu Kenneth Omeruo ne ya yi abin da Rojo ya yi, Higuaín na Ajantina na tsaye a bayansa, da hukuncin ya bambanta.

Gola_Mai_Safar_Hannu: Ko da an ba mu, wa ya ce za ta shiga? Armani ya riga ya ga yadda Moses ya buga ta farko a sanyaye.

Alhaji_Tun_94: Da ta shiga, da Faransa ko Denmark ce ke jiranmu a zagaye na gaba, kuma da yake mu ne za mu zo na biyu a rukuni, Faransa ce, wadda ta zuba wa Ajantina huɗu a Kazan. Duk da haka da na so in ga Ahmed Musa da Mbappé suna tsere a fili ɗaya.

Hajiyar_Tamaula: Malam Usur, ina jiran amsarka. Kuma in ka dawo, ka gaya mana abin da za ka busa a kan ƙafar da aka ɗaga wa Iheanacho, domin ɗazu ka ce a tsakiyar fili za a busa, ban kuwa san akwai wata doka ta daban da ke aiki a cikin da'ira ba.